Yadda ake kafe agogo da kalkuleta a saman sauran tagogin kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Zengo, a nan Damagaram. A tsohuwar kwamfutata mai Windows 7 akwai ɗan agogo da kalanda a gefen allo, waɗanda ba sa ɓuya ko da na buɗe Word. Da na koma Windows 11 na neme su na rasa, kalkuleta kuma da zarar na taɓa takarda sai ta shige baya. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Waɗancan ƙananan manhajoji sun zo ne da Windows Vista, suka ci gaba a Windows 7, amma a shekarar 2012 kamfanin Microsoft ya gargaɗi jama'a da su kashe su, domin ɓarayin intanet suna iya bi ta cikinsu su shiga kwamfuta, daga nan kuma aka cire su daga Windows 8. Saboda haka ba na ba ka shawarar sauke waɗanda ake rabawa a intanet da sunan dawo da su, balle a kwamfutar da ke ɗauke da takardun mutane. Allon da Windows 11 ya kawo a madadinsu, wanda ake buɗewa da maɓallin Windows tare da W, ba zai biya maka buƙata ba, tunda yana rufewa da zarar ka danna wani wuri.

Tagogin da ke buɗe a kwamfuta a jere suke, wata a kan wata, kuma wadda aka taɓa ƙarshe ita ke hawa sama. Sai dai Windows yana da wani mataki na daban da ke bisa wannan jeri, kuma duk tagar da aka yi wa alamar zama a can, tagogi na yau da kullum ba za su rufe ta ba. Abin da kake buƙata ke nan, ka ɗauki taga ta gama-gari, ka rage girmanta, ka kafe ta a wannan mataki.

Kalkuletar Windows tana da wannan dama a jikinta: idan tana tsarin lissafi na yau da kullum, ka danna Alt tare da kibiyar sama, za ta ƙanƙance ta tsaya a gaba. Sauran tagogi kuwa, ka sauke PowerToys, manhaja ce ta kyauta daga Microsoft da kansa, wadda ake samu a Microsoft Store. Bayan ka girka ta, ka danna tagar da kake so, sannan ka haɗa maɓallin Windows da Ctrl da T. Za ka ga an zagaye tagar da layi mai launi, alamar ta kafu, kuma maimaita waɗannan maɓallai ne ke sakinta. PowerToys tana da ɗan nauyi wajen saukewa ga mai sayen data, kuma tana zuwa da kayan aiki masu yawa, don haka idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi sosai, ka shiga saitinta ka kashe duk abin da ba ka amfani da shi.

Idan kuwa agogo da kalanda masu kama da na da kake marmari, Rainmeter ita ce ta fi dacewa, kyauta ce ita ma. Bayan ka girka ta, ka danna maɓallin dama na linzami a kan agogon, ka shiga saitin matsayinsa, ka zaɓi Topmost ko Stay topmost. A saitin akwai damar dusashe shi, da kuma damar sa danna linzami ya ratsa ta cikinsa ya isa takardar da ke ƙasa, abin da mai buga rubutu zai ji daɗinsa ƙwarai.

Ka sani cewa idan ka kafe tagogi biyu a wuri guda, wadda ka taɓa ƙarshe za ta rufe ƴar uwarta, kuma wasu wasanni da ke mamaye allo gaba ɗaya suna rufe komai. A ganina, a allon kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 14, abu ɗaya ya isa, biyu sun yi yawa, domin kowace kusurwa da ka ba agogo daga takardar mai aiki ka yanke ta.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a jami'ar Damagaram. Ina da jadawalin lokutan salla a fuskar wayata ta Android, ina so in riƙa ganinsa ko ina cikin wata manhaja. Zai yiwu?

Amsa: Malama, abin da aka ɗora a fuskar waya a nan yake zama, ba ya bin mutum cikin sauran manhajoji. Wanda ke shawagi a saman allo sai manhajar ta samu izini na musamman na bayyana a kan sauran manhajoji, kuma ƙananan wayoyi masu Android Go, wato nau'in Android marar nauyi, daga Android 10 zuwa sama, ba sa ba da shi. Ko da wayarki tana bayarwa, ki yi hattara, domin da wannan izini ne manhajojin damfara ke shimfiɗa allon bogi a kan na gaskiya su kwashe lambar sirrin asusun kuɗi na waya. Mafi sauƙi shi ne ki duba saitin manhajar sallar, ki kunna sanarwa mai ɗorewa idan tana da ita, ta yadda duk inda kike, jawo saman allo da yatsa zai nuna miki lokacin salla mai zuwa.