Amsa: Haɗa kimiyyar kwamfuta da nazarin tunanin ɗan Adam

Ƙanwata, kin tambaya ko haɗa darussan nan biyu ba zai yi miki nauyi ba. Ni na yi su a Birtaniya, kuma shekarar farko na ji jiki. Da safe ina rubuta manhaja da Python, wani yaren kwamfuta, da rana ga ilimin harshe da falsafa, kai ya ɗau zafi. Lissafi ne ke kayar da mutane, musamman ƙididdiga, ki kama shi tun da wuri.

Daɗin ya zo ranar da na gane cewa na'urar da wani masani ɗan Amurka, Frank Rosenblatt, ya ƙera a ƙarshen shekarun 1950 kwaikwayon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa take yi. Jami'ar MIT da ke Amurka ma ta haɗa fannonin a digiri guda. Amma da na je neman aiki, manhajojin da na rubuta kawai aka duba.