Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gwada Gubar Lakar Tafkin Gaɓar Teku da Halittun Ruwa

Wasiƙun wannan fitowar sun haɗu a kan tafkunan gaɓar teku, wato ruwan da tudun yashi ko tsibirai suka raba da teku, sai 'yar kafar da ruwa ke shiga da fita. Da yake ruwansu ba ya sauyawa da wuri, abin da koguna da magudanai suka kwaso yakan kwanta a ƙasa ya zauna cikin laka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai nazarin muhalli. Akwai na'urorin da ke auna dalma, tutiya, zaiba da ragowar mai a cikin laka. To mene ne amfanin zuba halittu a ciki a jira a ga ko za su mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na'ura abin da kika ce ta nema kaɗai take nema, kuma jimillar abin da ke cikin lakar take ba ki. Ba ta faɗa miki nawa ne daga ciki ke iya shiga jikin halitta. A baƙar lakar da babu iska, salfaid, sinadarin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yakan riƙe ƙarafa irin su kadmiyam da tagulla da dalma da tutiya ya hana su narkewa, haka ruɓaɓɓen ganye da makamantansa sukan riƙe mai da magungunan ƙwari. Saboda haka laka biyu za su iya nuna adadin dalma iri ɗaya, ɗaya ta kashe halittu, ɗayar ko gezau. Ga kuma batun gauraya: sinadarai goma da kowanne bai kai haddin cutarwa ba suna iya haɗuwa su yi ɓarna.

Shi ya sa tun 1985 wasu masana biyu, Long da Chapman, suka kawo tsarin haɗa hujja uku: awon sinadarai, gwajin guba da halittu, da ƙidayar halittun da ke rayuwa a wurin da kansu. Da wannan tunani ake nazarin wurare irin su tafkin Benis na Italiya, da ke maƙwabtaka da masana'antun Porto Marghera, da Mar Menor na Sifaniya, inda ruwan sama ke gangaro da ragowar tsofaffin ma'adinan dalma da tutiya.

Tambaya: Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, an ce mu fara wannan gwaji. Ku yi mana bayanin matakan daki-daki.

Amsa: Malam, gwajin da aka fi yi shi ne na kwana 10 da amfifod, wasu ƙananan halittu dangin jatan lande da ke haƙa rami su zauna cikin laka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da tsarinsa a 1994 da nau'i huɗu: Ampelisca abdita, Eohaustorius estuarius, Leptocheirus plumulosus da Rhepoxynius abronius. A Turai an fi amfani da Corophium volutator, a tafkunan Bahar Rum kuma Corophium orientale.

Aiki daga ɗibar laka yake farawa, a nan ne kuma aka fi lalata shi. Za ka sauke maɗebi irin Van Veen, ka zuƙe ruwan da ke sama a hankali, ka kwashi saman lakar, kamar santimita 2 zuwa 5, da cokalin da ba ya tsatsa ko na roba mai tsabta. Kada ka ɗebi wadda ta taɓa jikin maɗebin. Cika mazubin har baki don kada iska ta samu wuri, ka sa a ƙanƙara, a ajiye a digiri 4 cikin duhu. Kada a daskarar da ita, kada a shanya ta, domin duka biyun suna canza yadda sinadarai ke riƙe da laka. Gara a yi gwajin cikin mako biyu.

Ana gobe za a fara, ka gauraya lakar sosai har ta zama launi ɗaya. Idan akwai ɓawo, tsakuwa ko wasu halittu, ka tsince su ko ka danna lakar ta rariya ba tare da ƙara ruwa ba. Wanke laka da ruwa a rariya yana tafiya da gubar da kake nema. A kowace kwalbar gilashi mai cin lita ɗaya ka zuba mililita 175 na laka, wanda zai ba ka kauri kamar santimita 2, sannan ka tsiyaya mililita 800 na tataccen ruwan teku a kan wani faifan roba don kada lakar ta tashi. Kwalba biyar ga kowane wuri. Ka sa bututun iska yana ɗan tsartuwa sama da lakar, a bar su su kwana.

Washegari sai a zuba amfifod 20 a kowace kwalba, masu tsawon milimita 3 zuwa 5, ko 2 zuwa 4 idan Leptocheirus ne. Duk wanda bai nutse cikin laka ba cikin ɗan lokaci, a cire shi a sa wani. Zafin ruwa digiri 15 ne ga Eohaustorius da Rhepoxynius, 20 ga Ampelisca, 25 ga Leptocheirus. Gishiri kashi 28 cikin dubu ga Ampelisca da Rhepoxynius, kashi 20 ga sauran biyun. Ba a ba su abinci, ba a kashe fitila dare da rana, domin haske ke sa su zauna cikin lakar maimakon yawo a ruwa. Kullum a duba zafi da iska, a rubuta waɗanda suka fito saman laka, waɗanda suka maƙale a saman ruwa kuma a tura su ƙasa da sandar gilashi.

Ran kwana na goma a tace kowace kwalba a rariya mai ramin rabin milimita, a ƙirga masu rai. Wanda ba a gani ba a lissafa shi a matattu, domin gawarsu ba ta daɗewa take narkewa. Ampelisca yana gina 'yan bututu ya ɓuya a ciki, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu ne ke ba sakamakon daraja. Na farko kwalaben shaida, masu lakar da aka ɗebo halittun daga cikinta: idan waɗanda suka rayu a nan ba su kai kashi 90 cikin ɗari ba, gwajin ya faɗi, sai a sake. Na biyu gwajin sa'a 96 a ruwa zalla da gubar da aka sani, galibi kadmiyam, don a tabbatar cewa wannan rukunin halittun bai fi na baya rauni ko juriya ba.

Tambaya: Mun yi gwajin, amma har lakar da muka ɗebo nesa da kowace masana'anta ta kashe fiye da rabin halittun, alhali kwalaben shaida lafiya lau. Ina matsalar take?

Amsa: Wannan ita ce babbar matsalar lakar tafki, Malam, kuma rahotanni da yawa sun ɗora wa gurɓatawa laifin da ba nata ba. Kafin ka rubuta cewa akwai guba, ka duba abu huɗu.

Amoniya ce ta farko. Tafki wuri ne da ciyayin ruwa ke yawa su mutu su ruɓe, ruɓewar kuma tana tara amoniya a ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin laka. Ɓangarenta mai kisa yana ƙaruwa idan zafi ya hau ko awon pH (ma'aunin tsamin ruwa, mai sauka idan tsami ya ƙaru) ya hau, don haka adadinta kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da waɗannan biyun. A tsarin Amurka, a pH 7.7, iyakar ita ce miligiram 30 a lita ga Ampelisca da Rhepoxynius, 60 ga Eohaustorius da Leptocheirus. Ka auna ta a ruwan cikin laka tun kafin a zuba halittu. Idan ta wuce, a riƙa sauya ruwan sama sau biyu a rana har ta sauka. Sai dai a sani, wannan sauyin yana iya rage wasu gubobin masu saurin narkewa, dole a rubuta shi a rahoto.

Sai salfaid. Idan lakar baƙa ce wuluk tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana nan. Shi akasin amoniya ne, ya fi cutarwa idan pH ya sauka, kuma yana cinye oksijin. Kwanan da ake bari ana busa iska kafin a fara yana rage shi. Bututun iska ɗaya da ya toshe dare ɗaya ya isa ya kashe kwalba guda, shi ya sa idan kwalba ɗaya cikin biyar ce ta mutu sauran lafiya, littafin awon iska za ka fara buɗewa.

Na uku girman ƙwayar laka. Rhepoxynius ɗan yashi ne, taɓo mai laushi yana wahalar da shi ko da tsabtatacce ne. Leptocheirus ya fi jure laka iri-iri. Kwalaben shaidarku na ɗauke da lakar gidan halittun, shi ya sa ba su nuna komai ba. Abin da kuka rasa shi ne lakar kwatance: laka daga wuri mai tsabta wadda laushinta da yawan ruɓaɓɓen abin cikinta suka yi daidai da wadda ake gwadawa. A ganinmu gwajin lakar tafki da ba shi da ita rabin gwaji ne.

Na huɗu gishiri. A tafki ɗaya, bakin kogi yana iya zama kusan ruwan daɗi, lungun da rana ke ƙafar da shi kuma ya fi teku gishiri. Ruwan da ka zuba a sama ba shi ne halittar ke zaune a ciki ba, na cikin lakar ne. Ka auna shi, ka zaɓi nau'in da ke jure shi.

Tambaya: Na ji ana amfani da bushiyar teku (halittar teku mai ƙayoyi) da kawa (halittar ruwa mai ɓawo biyu). Su ma cikin laka ake sa su?

Amsa: A'a, Malama, ƙwayayensu ake amfani da su, a ruwan da aka fitar daga laka. Ko dai a juya lakar a na'ura mai juyi da sauri cikin sanyi a tsiyaye ruwan cikinta, ko a haɗa awo ɗaya na laka da huɗu na ruwan teku, a motsa minti 30, a bari ya kwanta sa'a ɗaya, a ɗebi na sama. Hanya ta biyu ta dace da inda za a yashe ƙasan tafki, domin tana kwaikwayon abin da ke faruwa idan laka ta tashi.

Ana yi wa bushiyar, misali Paracentrotus lividus, allurar fotasiyam kulorayid ta saki ƙwai ko maniyyi, a haɗa su, a zuba ƙwayayen a ruwan gwajin da aka sirka kashi 100, 50, 25, 12.5 da 6.25 cikin ɗari. Bayan kwana biyu zuwa uku a tsayar da su da fomalin, a duba guda 100 a madubin ƙara girma, a ƙirga masu cikakkun hannuwa huɗu da waɗanda suka naƙasa ko suka tsaya. Na kawa kwana ɗaya zuwa biyu ne, ana duba ko ɓawon ya fito da siffar harafin D. Gwaji ne mai saurin gano ƙarafa, amma amoniya kaɗan ma tana naƙasa ƙwayayen, kuma bayan lokacin haihuwa ƙwai mai kyau yana wuyar samu.

Tambaya: Idan duk halittun sun rayu, ke nan lakar ba ta da matsala? In kuma sun mutu, ta yaya za a san sinadarin da ya kashe su?

Amsa: Rayuwar kwana goma ba ta wanke laka, Malam. Akwai gubar da ba ta kisa amma tana hana girma da haihuwa. Don ita ake gwajin kwana 28 da jariran Leptocheirus, inda ake ba su abinci, a ƙarshe a auna nauyinsu a ƙirga 'ya'yan da suka haifa, ko gwajin girman tsutsar teku Neanthes arenaceodentata. Sinadarai irin su zaiba da PCB (wasu sinadaran masana'antu masu wuyar rugujewa) kuwa taruwa suke a jiki su hau zuwa kifi, sai an bar tsutsa ko wata halitta mai ɓawo kwana 28 a laka sannan a auna naman.

Gano mai laifi kuma ana yin sa ne ta cire waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya a sake gwaji. A raba ruwan lakar kashi-kashi: wani a sa masa EDTA mai kama ƙarafa, wani a bi da shi ta matacin C18 mai riƙe mai da magungunan ƙwari, wani a busa masa iska don salfaid da abubuwa masu tashi, wani a sa masa ziyolait, wani ma'adini mai zuƙe amoniya, ko ganyen teku Ulva don amoniya. Kason da gubarsa ta ragu shi ke nuna dangin sinadarin. Kowane magani kuma a gwada shi shi kaɗai a ruwan teku mai tsabta, domin EDTA idan ta yi yawa ita ma tana naƙasa ƙwayayen bushiya.