Kafin ka ƙara wa injin ƙarfi, ka fara da birki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka sayi BMW M3 ta hannu, samfurin E46, ka ƙara wa injinta ƙarfi kafin ka fara shiga filin tsere. Shawarata ita ce ka bar injin yadda yake tukuna, domin a filin tsere zafi ne ke kayar da mota tun kafin ƙarancin ƙarfi ya dame ka.

Motar da ka zaɓa tana da kyau, amma an ƙera ta ne tsakanin 2000 da 2006, kuma shekaru ba sa ƙarya. An san ta da tsagewar ƙarfen ƙasa a daidai inda aka ɗaure ƙafafun baya, da kuma cinyewar boris ɗin sandunan fistin. Kada ka biya kuɗi sai bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya ɗaga ta sama ya haska wurin da tocila, ya auna matsin kowace silinda, ya kuma ga takardun gyaran da aka yi mata. Idan mai ita ya hana a ɗaga ta, ka haƙura da cinikin. Ni da za ka ji tawa, da ka fara da Mazda MX-5 ko Toyota GT86, saboda ba su da nauyi, ba sa cin taya sosai, kuma suna koya wa direba shan kwana.

Ranar da na fara shiga fili, a zagaye na biyar na taka birki gab da wata kwana, sai na ji fedar ta nutse har ƙasa kamar na taka soso. Allah ya kiyaye akwai fili a gaba. Da na fito, hayaƙi na tashi daga ƙafafun gaba, hannuna na rawa a kan sitiyari. Laifina ne, domin man birkin ya daɗe ban canza ba. Wannan mai yana shan danshi daga iska: sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Selsiyos, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma da zarar ya tafasa, tururi kake matsawa. Saboda haka ka zuba sabon mai mai jure zafi, ka sa birki-fad na tsere, sannan ka duba faifan birki ko ya fara tsattsagewa.

Bayan birki sai taya. Ka karanta lambobi huɗu da ke gefenta, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma ka riƙa auna iska da zarar ka fito tana da zafi, domin matsin yana hawa. Daga nan ka gyara lagireto, ka canza baƙin mai, ka kuma riƙa duba yawansa bayan kowace fita, tunda doguwar kwana tana tura mai gefe guda.

Abu guda da nake roƙonka: kada ka ɗaura bel na tsere ba tare da ƙarfen kariya na kifewa da abin tallafe wuya ba. Bel ɗin da motar ta zo da shi, tare da hular kwano mai inganci, ya fi maka aminci a kakar tserenka ta farko.