Shin Phil Collins ne ya lalata kiɗan Genesis?

Tambaya: Malam, da muryar Phil Collins na san ƙungiyar Genesis. Kwanan nan na saurari tsofaffin waƙoƙinsu, sai na ji kamar wata ƙungiya ce daban. Wasu na cewa shi ya lalata musu kiɗa. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ban yarda da wannan zargi ba. 'Yan makarantar Charterhouse ta Ingila ne suka kafa Genesis a 1967, Peter Gabriel ke rera waƙa, Tony Banks na kan kibod, Mike Rutherford na kan jita. Collins ya shigo a 1970 a matsayin makaɗin ganguna, ke nan yana cikin faya-fayan da masu zarginsa suka fi yabo: Nursery Cryme (1971), Foxtrot (1972) da Selling England by the Pound (1973).

A wannan zamani waƙa ɗaya takan sauya sauri da awo sau da yawa, ta ɗauki labari mai rassa. "Supper's Ready" kaɗai ta kai kusan minti 23. Ka saurari "Firth of Fifth", yadda piyanon Banks ke buɗe ta, sarewar Gabriel ta karɓa, sannan jitar Steve Hackett, wani ɗan ƙungiyar, ta ja wannan karin a hankali har tsigar jiki ta tashi. A wurina nan ne ƙololuwarsu.

Gabriel ya tafi a 1975 bayan faifan The Lamb Lies Down on Broadway, Collins ya karɓi makirufo, amma faya-fayan A Trick of the Tail da Wind & Wuthering na 1976 ba su bar tsohon salon ba. Tafiyar Hackett a 1977 ce ta fi girgiza sautin. Da suka rage su uku, waƙoƙi suka gajarce, "Follow You Follow Me" ta 1978 ta kai su gidajen rediyo, kuma Rutherford ne ya rubuta baitocinta. Duke (1980) ya zama faifansu na farko da ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Su ukun suka zaɓi wannan hanya tare.

Ko Invisible Touch na 1986, da aka fi kira na kasuwa, yana ɗauke da "Domino" mai fiye da minti 10. Ka fara da Selling England by the Pound, ka bi shi da Duke, kana mai kasa kunne ga gangunan Collins a duka biyun.