Hukuncin Ziyarar Garin Karabash na Rasha, da Yadda Ake Sallar Isha'i Inda Dare Ba Ya Duhu

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne, ina karatun injiniyan sarrafa ƙarafa a birnin Chelyabinsk na ƙasar Rasha, kuma wannan ce shekarata ta farko. Wani abokin karatuna Kirista ya gayyace ni garinsu Karabash, in kwana biyar a gidan iyayensa a ƙarshen watan Yuni idan an yi hutu. Ƙaramin gari ne da ake narkar da tagulla, ina kuma son ganin yadda aikin yake da yadda mutanen karkara suke rayuwa. Ya ce mini a wannan lokaci sama ba ta yin duhu sosai har gari ya waye. Shin ya halatta in je alhali ba larura ce za ta kai ni ba? Yaya zan yi da sallah, musamman Isha'i da Asuba? Me kuma zan ci a gidan?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka yi tambaya tun kafin ka ɗaura jaka.

Tafiyar ta halatta matuƙar za ka iya tsayar da sallarka, ka kiyaye abin da kake ci da sha, kuma kana da aminci a kan ranka. Duk wanda ya karanta Risala ya san cewa Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 386 bayan Hijira, ya ce an karhanta fatauci zuwa ƙasar abokan gaba da kuma ƙasar Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara a wancan zamani. Masu sharhi sun bayyana cewa dalilin karhancin shi ne tsoron kada hukuncin kafirai ya hau kan Musulmi har ya kasa riƙe addininsa. Ƙasashenmu da aka karhanta zuwansu a lokacin, yau su ne ake karantar da Risalar a zaurukansu, wannan kuwa ya isa ya nuna cewa hukuncin yana bin dalilinsa ne, idan dalilin ya kau sai karhancin ya kau. Yankin da za ka je ma ba baƙon Musulunci ba ne, domin Bashkirawa da Tatarawa Musulmi sun daɗe a duwatsun Ural, sunan Karabash kansa daga harshensu yake, ma'anarsa baƙin kai.

Niyyarka kuma tana da gurbi a shari'a. An kafa garin a 1822 bayan an gano zinariya a wurin, masana'antar narkar da tagulla ta fara aiki a 1910, kuma hayaƙin shekara da shekaru ya ƙone ciyayin dutsen da ke gefen garin har ya zama ƙwal, ga tulin kashin maƙera baƙi ƙirin kamar tsaunuka, ga rafin Sak-Elga da ruwansa ya rine ya koma kalar tsatsa. Mai koyon sarrafa ƙarafa yana da buƙatar ya ga wannan da idonsa. A Suratur Rum, aya ta 41, Allah ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, sai aya ta 42 ta biyo da umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Ka tuna kuma cewa bizar da ka shiga ƙasar da ita alkawarin amana ce. Kada ka shiga harabar masana'anta ko ka ɗauki hotonta ba da izini ba, kada kuma ka kusanci garin Ozyorsk da ke kusa da Kyshtym, domin rufaffen gari ne da ba a shiga sai da takarda ta musamman.

Game da ƙasaru, tsakanin Chelyabinsk da Karabash akwai kimanin kilomita 90, wanda ya kai tsawon da Malikiyya suka ƙayyade, wato baridi huɗu, mil 48. Saboda haka a hanya za ka sallaci Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Amma da ka isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, hukuncin matafiyi ya sauka daga kanka. Idan alal misali ka sauka ranar Litinin da rana za ka tashi Asabar da safe, to Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a sun cika kwana huɗu, sai ka cika sallah tun daga isarka. Kada ka yi mamaki idan ka haɗu da Batatare baƙo irinka yana ta ƙasaru, domin su Hanafiyya ne, a wurinsu sai an yi niyyar kwana 15 ake cikawa. Juma'a kuwa, idan ka tarar ana tsayar da ita a garin sai ka halarta, in ba haka ba ka sallaci Azahar raka'a huɗu, babu laifi a kanka.

Babbar mas'alar ita ce ta Isha'i, kuma abokinka gaskiya ya faɗa maka. Mu da muka tashi a Kano ko Zinder, inda shafaƙi yake ɓacewa awa ɗaya da 'yan mintoci bayan faɗuwar rana rani da damina, ba mu saba da wannan ba. Karabash tana wajen daraja 55 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. A ƙarshen Yuni rana tana faɗuwa wajen ƙarfe goma saura kwata na dare, ta fito wajen huɗu da kwata na safe, ka ga daren bai fi awa shida da rabi ba. A tsakiyar daren ma ranar ba ta nutsewa ƙasa da gefen sama fiye da kimanin daraja 11, alhali masu lissafin lokutan sallah suna ɗaukar daraja 17 ko 18 a matsayin alamar Isha'i da alfijir. Hasken yamma ba ya ƙarewa, yana zagayawa ne ta arewa har ya haɗe da hasken asuba. Wannan kuma zai same ka ko da ka zauna a Chelyabinsk, domin garuruwan biyu kusan a layi ɗaya suke.

Mas'alar ta haura shekara dubu a hannun malamai. A shekarar 922 Miladiyya, Ibn Fadlan, wanda ke cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga, wadda take kusan layi ɗaya da garin da za ka. Ya ba da labarin cewa suna zaune suna hira suna jiran kiran Isha'i sai suka ji kira, ashe na Asuba ne. Da ya tambayi ladanin ina Isha'i, sai ya ce suna sallatarta tare da Magariba, ya ƙara da cewa mutum yakan ɗora tukunya a wuta da magariba ya yi sallar Asuba ba ta nuna ba. Daga baya malaman Hanafiyya suka yi saɓani a kan mutanen Bulgar. Baƙƙali ya ce Isha'i ta faɗi daga kansu tunda lokacinta, wanda shi ne sababin wajabcinta, bai samu ba, ya kwatanta su da wanda aka yanke wa hannaye daga gwiwa, wanda wanke hannu a alwala ya faɗi daga kansa. Ibnul Humam ya ce tana nan wajibi. A ƙarni na 19 malamin birnin Kazan, Shihabuddin Marjani, wanda ya rasu a 1889, ya rubuta littafi sukutum don tabbatar da cewa Isha'i farilla ce ko da shafaƙi bai ɓace ba.

Maganar wajabci ita ce daidai, kuma da ita nake ba ka fatawa. An farlanta salloli biyar a kowane yini da dare ga dukan al'umma ba tare da an ware wata ƙasa ba. Hadisin Nawwas ɗan Sam'an a Sahihu Muslim ya warware batun, domin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi cewa a zamanin Dujal za a yi yini ɗaya mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar a cikinsa, sai ya ce a'a, ku ƙaddara masa gwargwadonsa. Wannan ya nuna cewa alama hanya ce ta gane lokaci, idan ta ɓace sai a koma ga ƙiyasi, farillar tana nan. Kwatancin mai yankakken hannu kuwa bai zauna ba, domin shi gaɓar da za a wanke ce babu ita, amma mutumin Bulgar darensa yana nan, abin da ya rasa kawai shi ne alamar da ke raba sassansa. Shafi'iyya sun ce a auna da ƙasa mafi kusa wadda shafaƙi yake ɓacewa a cikinta, kuma Ƙarafi daga cikin malamanmu na Malikiyya ya zaɓi wannan.

A kan wannan asali Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya da ke Makka, ta yanke a 1986 cewa ƙasashen da ke tsakanin daraja 48 da 66 su auna Isha'i da alfijir da kason dare na wurin da ke kan daraja 45. A ƙarshen Yuni Isha'i tana shiga a can bayan ɗan abin da ya haura rubu'in dare. Idan aka ɗauki wannan kaso aka ɗora a daren Karabash, Isha'i za ta kama wajen sha ɗaya da rabi, alfijir kuma wajen biyu da kwata. Sai dai ba na so ka zama mai yi wa kanka lissafi a ƙasar da take da limamai. Kafin ka tashi, ka je Farin Masallaci na Chelyabinsk ko wanda ka saba zuwa, ka karɓi jadawalin watan, ka bi shi a Karabash ka ƙara 'yan mintoci biyar, tunda ita tana yamma kaɗan. Ko da jadawalinsu ya saɓa da lissafin da na kawo, ka bi nasu, domin mas'ala ce ta ijtihadi kuma haɗuwar Musulmin wuri ɗaya a kan lokaci ɗaya abin nema ne.

Idan wani dare barci ya rinjaye ka har ka ji tsoron Asuba za ta kuɓuce, kana iya haɗa Magariba da Isha'i. Ibn Abbas ya ruwaito cewa Annabi ya haɗa salloli a Madina ba don tsoro ko tafiya ba, da aka tambaye shi dalili ya ce don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Imamu Malik ya fassara wannan da halin ruwan sama, amma wasu malamai sun ɗauke shi a kan kowace matsananciyar buƙata, da shi kuma majalisar fatawa ta Turai ta yi rangwame ga mazauna can a irin waɗannan watanni. Amma kai hutu kake yi, babu aji ko aiki da ke jiranka da safe, don haka abin da na fi so gare ka shi ne ka jira Isha'i, ka yi Asuba da zarar ta shiga, sannan ka kwanta.

Ka kula da alƙibla. Bakinmu ya saba kiranta gabas, amma daga Karabash Makka tana kudu ne, ka ɗan karkata yamma. Yawancin gidajen Kiristocin Rasha suna da kusurwar da ake jera hotunan ibada, sai ka nemi ɗakin da babu su, ko aƙalla kada su kasance a gabanka. Alwala kuma ka yi ta da ruwan gida. Ruwan rafin da dattin ma'adinai ya canja wa launi da ɗanɗano ba ruwa ne tsantsa ba, ga kuma cutarwa.

Abincin Ma'abota Littafi halal ne da nassin aya ta 5 a Suratul Ma'ida, amma ayar ba ta halatta alade ba, ba ta kuma halatta abin da ba a yanka ba. Naman da aka sayo a kanti ba ka san wanda ya yanka shi ko yadda aka yanka ba, saboda haka ka bar shi sai wanda yake da tambarin halal. Ka yi hattara da pelmeni, wato ƙananan ƙullin fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama, domin sau da yawa naman sa da na alade ake haɗawa a ciki, da kolbasa, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji, da salo wanda kitsen alade ne zalla, haka ma miya sai ka tambayi romon da aka yi ta da shi. Kifi da ƙwai da dankali da madara da burodi da kayan lambu duk suna gabanka. Kwanukan gidan idan an wanke su sun wadatar, kamar yadda Annabi ya umarci sahabi Abu Sa'alaba game da kwanukan Ma'abota Littafi. Kalmar svinina ita ce naman alade, ka riƙe ta. Abin da ya fi kyau shi ne ka roƙi abokinka ya yi wa mahaifiyarsa bayani tun kafin ku iso, domin tsohuwar da ta yini tana girki saboda baƙo za ta ji zafi idan ya janye hannu a gabanta, kuma ɓata mata rai ba tare da dalili ba shi ma abin gudu ne.

Hadisi ɗaya da Tirmizi ya ruwaito daga Jabir ya haɗa abubuwa biyu da za su iya tasowa a gidan. Ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira shiga gidan wanka ba tare da gyauto ba, ya kuma hana shi zama a teburin da ake zagayawa da giya. Idan an gayyace ka banya, wato ɗakin wankan tururi da Rashawa suke karrama baƙo da shi, ka shiga kai kaɗai, ko tare da maza idan kowa ya rufe tsakanin cibiya da gwiwa. Vodka kuwa, wannan ma abokinka ya gaya wa mahaifinsa tun da wuri cewa ba ka sha kuma ba ka zama inda ake sha. Idan duk da haka aka kawo kwalba, ka yi godiya a kan abincin, ka nemi uzuri cikin ladabi ka tashi, ka dawo lokacin shan shayi.

Allah ne mafi sani.