Tambaya da Amsa: Wasan da Duniya Ta Kushe, Ni Kuwa Ya Kwanta Mini a Rai

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kuma ni da ƙannena biyu muna da PS4 wadda yayanmu ya bar mana. Tun fitowar eFootball 2022 muka rungume shi, kuma shi muke bugawa bayan sallar isha'i duk ranar da aka kawo wuta. Kwanakin baya wani abokina ya nuna mini a wayarsa cewa wannan wasa yana cikin waɗanda aka fi kushewa a duniya, har ya ce duk wanda ya ji daɗinsa bai san gem ba. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni dai ban taɓa tashi daga gabansa da ɓacin rai ba, sai fa ranar da ƙanena ya lallasa ni. Shin ni ne ban san abu mai kyau ba, ko kuwa masu sharhin ne suka yi son kai?

Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da abokinka ya nuna maka gaskiya ne, amma hukuncin da ya yanke a kanka bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Kamfanin Konami na Japan ya saki eFootball 2022 ranar 30 ga Satumba, 2021, a matsayin magajin PES, tsohon jerin wasanninsa na ƙwallon ƙafa, kuma cikin 'yan kwanaki wasan ya faɗa sahun waɗanda suka fi kowane samun mummunar shaida a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, inda waɗanda suka yaba masa ba su kai ɗaya cikin goma ba. A shafin Metacritic, mai tattara makin masu sharhi, shi ne ya zo ƙarshe a duk wasannin shekarar 2021. An yi ta yaɗa hotunan fuskokin Messi da Ronaldo da suka fito a karkace, da na 'yan kallo da suka yi kama da zanen yara, har ta kai kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Cikakken gyaransa bai iso ba sai a watan Afrilun 2022.

To amma su wane ne suka yi wannan fushi? Mafi yawansu mutane ne da suka shekara da shekaru suna buga PES, waɗanda suka saba da Master League, inda mutum zai ɗauki ƙungiya ya raine ta kaka bayan kaka, yana saye da sayar da 'yan wasa, sai suka wayi gari aka miƙo musu wasa mai ƙungiyoyi tara kacal, ba shi da wannan sashe ko kaɗan, ga shi kuma an sauya injin, wato manhajar da aka gina shi a kanta, motsin 'yan wasa ya yi nauyi a hannunsu. Waɗannan mutane sun auna wasan ne da abin da aka ƙwace musu. Kai kuwa abin da ka zo nema shi ne ƙungiyoyi biyu, da ƙwallo, da ƙanenka zaune a gefenka wanda za ka zura wa uku ka yi masa dariya har gobe, kuma duk wannan yana nan tun ranar farko, kyauta, ba ka biya ko kwabo ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma abin da ya kamata masu karatu su sani game da yadda makin nan yake samuwa. Mai sharhi yakan karɓi wasa 'yan kwanaki kafin fitowarsa, ya buga shi cikin hanzari, galibi shi kaɗai, domin ya miƙa rubutunsa a kan lokaci, sannan tambayar da yake amsawa ita ce ko wasan ya cancanci dala 60 ko 70 idan aka jera shi da sauran da suka fito a wannan wata. Mutumin da ya buga wasannin ƙwallo ashirin a rayuwarsa yana ganin maimaici a inda sabon shiga yake ganin abin mamaki. Metacritic kuma sai ya haɗa makin mutane da dama ya fitar da lamba guda, kuma kamfanoni suna ɗaukar wannan lamba da muhimmancin da ya wuce kima. A shekarar 2012 Chris Avellone, ɗaya daga cikin jagororin kamfanin Obsidian a lokacin, ya bayyana cewa sun rasa kuɗin garaɓasa a kan wasansu Fallout: New Vegas saboda wasan ya sami 84 a Metacritic alhali yarjejeniya ta ce sai 85. Yau wannan wasa yana cikin waɗanda masoya jerin Fallout suka fi ɗaukakawa.

Misalin da na fi so a wannan babi shi ne God Hand, wasan faɗa na PS2 wanda Shinji Mikami ya jagoranta a Clover Studio ƙarƙashin Capcom, ya fito a 2006. Shafin IGN, mai sharhin wasanni, ya ba shi maki 3 cikin 10, kasuwarsa ba ta yi armashi ba, kuma a wannan shekarar Capcom ya sanar da rufe Clover. Duk wanda ya riƙe wasan na rabin sa'a zai gane dalilin ƙorafin. Kyamara tana manne a bayan jarumin, sandar dama ta abin riƙewa da aka saba juya kyamara da ita an mayar da ita ta kauce wa naushi, gine-ginen ciki fayau suke babu ado, sannan akwai ma'auni a gefen allo wanda yake hawa duk lokacin da ka iya faɗa, abokan gaba su ƙara zafi, ya sauka idan ka sha kashi. Wanda ya zauna da shi kwana biyu zai ce an yi wasan ne don a wulaƙanta shi. Wanda ya zauna da shi wata biyu, har babban yatsansa ya koyi sunkuyawa da gocewa ba tare da tunani ba, ya kuma jera nau'o'in duka da hannunsa daga cikin sama da ɗari da wasan ya tanada, zai ce da wuya a sami wasan faɗa mai zurfinsa. Bayan 'yan shekaru IGN ɗin da kansa ya sanya God Hand a jerin wasannin PS2 ɗari da suka fi fice. Haka Deadly Premonition na 2010 ya sami 2 cikin 10 a IGN, ya sami 10 cikin 10 a wani shafin sharhi mai suna Destructoid, har kundin Guinness ya rubuta shi a matsayin wasan ban tsoro da ya fi raba kan masu sharhi.

Sai dai ina ja maka kunne a kan abu ɗaya, domin so hana ganin laifi ne. Kada jin daɗinka ya kai ka ga cewa masu sharhi ƙarya suka yi, ko an biya su, domin fuskokin nan sun karkace da gaske, kuma ƙungiyoyi tara sun yi kaɗan da gaske. Idan abokinka ya sake tayar da maganar, ka amsa masa cewa ka ga laifuffukan, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa abin da kake nema a wasan.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina sayen faifan gem na hannu saboda sababbi sun fi ƙarfin aljihuna, kuma na lura waɗanda suka fi araha su ne waɗanda ba su sami maki mai kyau ba. Ta yaya zan gane wanda aka zalunta da wanda ya lalace da gaske kafin in fitar da kuɗina?

Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa. Ka bar kallon lambar, ka karanta dalilin da aka bayar, domin ƙorafi iri biyu ne. Akwai wanda ya shafi ra'ayi, kamar a ce labarin bai yi daɗi ba, ko wasan ya yi wuya, ko ya yi kama da na bara, kuma irin wannan yana iya zama bai dame ka ba sam. Akwai kuma wanda ya shafi lafiyar wasan, kamar ya riƙa tsayawa cak, ko ya rufe kansa, ko ya goge inda ka ajiye, kuma wannan babu ɗanɗanon da zai gyara shi.

Bayan haka ka duba a kan wace na'ura aka yi sharhin. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red da ke Poland ya fito ranar 10 ga Disamba, 2020, ya sami maki 86 a kwamfuta, ya sami 57 a PS4, kuma matsalolinsa a PS4 sun yi yawan da Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet cikin wannan watan, bai dawo ba sai Yunin 2021. Za ka ji ana cewa wasan ya gyaru, kuma haka ne, amma babban gyaran da aka yi masa a Satumbar 2023 na kwamfuta ne da PS5 da sababbin Xbox, bai sauko kan PS4 ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafar mai sayen faifai a inda data take da tsada. Abin da ke cikin faifan shi ne wasan kamar yadda yake a lokacin da aka buga faifan, kuma duk gyaran da ya biyo baya sai an sauke shi ta intanet, wani lokaci gigabait masu yawa. No Man's Sky na kamfanin Hello Games da ke Ingila ya sha zagi a watan Agustan 2016 saboda abubuwan da aka yi alkawari ba a gan su ba, ciki har da haɗuwa da sauran 'yan wasa, sai kamfanin ya yi ta ƙara masa kaya kyauta shekara bayan shekara har sunansa ya wanku. Wanda ya sayi tsohon faifansa ya sa a na'urar da ba ta taɓa hawa intanet ba, wasan 2016 ɗin nan da aka zaga shi zai buga. Saboda haka kafin ka biya, ka tambayi mai shagon ko yana da gyaran a na'urarsa, ko kuma ka lissafa kuɗin data a cikin farashin. Idan a Steam kake saye, shafin yana raba shaidar kwanaki 30 na baya da ta gaba ɗaya, kuma yana mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga sa'a biyu ba.

Makin jama'a ma sai an yi hattara da shi. Lokacin da The Last of Us Part II ya fito a Yunin 2020, dubban mutane sun yi masa ruwan sifili cikin sa'o'in farko, tun kafin a ce wani ya isa ya kammala shi, saboda fushi da yadda labarin ya juya, abin da ya sa Metacritic ya kafa dokar jiran sa'a 36 kafin jama'a su fara ba sabon wasa maki. A ganina minti goma na kallon wani yana buga wasan a YouTube, ba tallan kamfani ba, ya fi maka amfani a kan sharhi goma.

Wuri ɗaya ne nake cewa ka bi ra'ayin jama'a ko da zuciyarka ba ta so, wato wasan da ba ya yiwuwa sai da intanet da sauran mutane. Sony ya saki Concord ranar 23 ga Agusta, 2024, mutane ba su shiga ba, aka kashe shi ranar 6 ga Satumba aka mayar wa masu saye kuɗinsu. Akwai waɗanda suka so shi da gaske, amma son nasu bai hana faifan da ke hannunsu zama abin da ba ya buɗe komai ba.

TAMBAYA

Malam, a gidanmu yara suna gardama a kan wasan da ya fi kowane muni a tarihi, wani ya ce akwai wanda har binne shi aka yi a rami. Da gaske ne?

Daga wata mai karatu a Kumasi.

AMSA

Da gaske ne 'yar'uwa. Wasan E.T. ne na na'urar Atari 2600, wanda aka fitar a ƙarshen 1982. An ba mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, kimanin mako biyar ya haɗa shi domin a riski kasuwar Kirsimeti, alhali irin wannan aiki watanni yake ci. An sayar da fiye da miliyan ɗaya, amma kamfanin ya buga abin da ya zarce haka nesa, kuma a 1983 Atari ya kwashe tarin kasa-kasai da kayan da ba su sayu ba ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico a Amurka. An daɗe ana ɗaukar labarin almara ne, sai a watan Afrilun 2014 aka tona wurin aka same su, kuma aka ga ba E.T. kaɗai ba ne, da wasanni iri-iri aka binne.

Batun cewa shi ne mafi muni kuwa ban yarda da shi ba. Babban laifinsa shi ne ramuka, domin ɗan tsanan da kake tuƙawa yana faɗawa cikinsu da zarar ya gogi bakinsu, kuma idan ka fito sau da yawa sai ka sake komawa, ga shi wasan ba ya bayyana abin da ake nema sai an karanta ɗan littafin da ke cikin kwalin, abin da yara ba sa yi. Waɗanda suka karanta shi sun tarar da wasa mai taswira da manufa da ƙarshe, a zamanin da yawancin wasanni harbi ne kawai har a kashe ka. A wannan na'urar akwai wasannin ƙananan kamfanoni da suka fi shi lalacewa, sai dai ba a kashe musu kuɗin da aka kashe masa ba, don haka babu wanda ya riƙe sunayensu.