'Yan IT takwas sun fi ƙarfin kamfanin mutum huɗu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan ƙaramin kamfani a Samaru, muna rubuta manhajar kwamfuta, galibi ta fitar da sakamakon jarrabawa ga makarantun kuɗi da ta lissafin kaya ga masu kemis. Mu huɗu ne har da ni. Bara na karɓi ɗalibai takwas 'yan IT, wato masu zuwa koyon aiki daga manyan makarantu, a zatona na samu masu taya mu aiki kyauta. Ƙarshenta rabinsu latsa waya kawai suke yi, wani ya goge makin zango guda na wata makaranta, babban ma'aikacina da nake biya naira 200,000 a wata ya ce in aka sake haka zai ajiye aiki. Yarinya ɗaya da ta fi kowa hazaƙa kuma ta gama ta tafi, ban sake jin ɗuriyarta ba. Yanzu takardun neman gurbi sun fara shigowa. In karɓa ko in haƙura? In zan karɓa, dole ne in biya su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka karɓa, amma biyu, in ta yi yawa uku. Kafin ka ce na cika rowa, zo mu yi lissafi da albashin da ka ambata. Naira 200,000 a kan kwanakin aiki 22, awa takwas kowace rana, awa ɗaya ta wannan ma'aikacin naka ta haura naira 1,100. Sabon ɗalibi a watansa na farko zai ci masa aƙalla awa guda kullum: a nuna masa, ya yi, a duba, a gyara, ya sake tambaya. Ɗalibi ɗaya ke nan ya tashi wajen naira 25,000 a wata, ba a sa kuɗin data da man janareto ba. Takwas kuwa sun cinye ranar mutumin gaba ɗaya, aikin kwastoma yana nan yana jira. Don haka ban ga laifinsa ba da ya yi fushi. Yaran da ka ce latsa waya suke yi ma ban ɗora musu laifi duka ba, babu wanda ke da sararin ba su aiki ne.

Ka fara sanin su wane ne ke ƙwanƙwasa maka ƙofa, domin ba duka 'yan IT ne ɗaya ba. Shirin SIWES na koyon aiki a wuraren sana'a, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro a 1973, yana turo ɗaliban jami'a na wata shida, galibi 'yan aji uku, masu karatun injiniya kuma 'yan aji huɗu. Na foliteknik masu karatun difloma wata huɗu suke yi. Sai kashi na uku da masu kamfani kan manta da shi: waɗanda suka gama ƙaramar difloma, suke buƙatar shekara guda ta sanin makamar aiki kafin su koma babbar difloma. A irin sana'arka, wata biyun farko koyo ne tsantsa. Mai wata huɗu da ya fara amfani sai ya tafi, mai wata shida za ka ɗan mora, mai shekara guda kuwa kusan ma'aikaci ne. Kana zaune a Zariya, ga Jami'ar Ahmadu Bello a bakin ƙofarka, ga Foliteknik ta Nuhu Bamalli. Da ni ne, zan nemi ɗaya mai shekara guda, ɗaya mai wata shida.

Kada kuma ka zauna jiran wanda ya kawo takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka taka da ƙafarka zuwa sashen kimiyyar kwamfuta, ka gaisa da malamin da ke kula da SIWES, ka gaya masa irin aikin da kuke yi da irin yaron da kake so. Malamai sun san wanda ke kwana a kan kwamfuta da wanda ke kwafar aikin abokinsa. Waɗanda aka turo maka sai ka gwada su, ba da tambayoyin hadda ba. Ka ba su ɗan aiki na awa biyu daga cikin abin da kuke yi da gaske, misali ga makin ɗalibai talatin na bogi, a fitar da jimilla da matsayin kowa a aji, sannan ka zauna da kowane ya bayyana maka abin da ya rubuta layi bayan layi. A wannan zamani da yaro zai iya sa ChatGPT ya rubuta masa komai, bayanin baki ne ke tona asiri. Wanda ya ce “nan ban gane ba, ga inda na tsaya” ya fi mini wanda ya kawo aiki cikakke amma ya kasa cewa uffan a kansa.

Akwai kuma ɗan aboki da ɗan maƙwabci da ƙanen matar yaya, wannan kowa ya san shi. Ka ce jarrabawa ake yi, kowa ya zo ya zauna. Jarrabawar za ta kare maka zumunci fiye da kowane uzuri. Masu zuwa su ce a buga musu hatimi a logbuk, wato littafin da suke rubuta aikin da suka yi kullum, kawai, ba sai sun riƙa zuwa ba, ka ba su haƙuri tun a bakin ƙofa, domin sa hannu a kan aikin da ba a yi ba shaidar zur ce.

Maganar makin da aka goge ita ta fi tsaya mini a rai, kuma ka yi haƙuri, laifin naka ne. Je ka Sabon Gari ka tsaya a shagon tela. Ɗan koyo yakan fara da guga da sa maɓalli, ya yi ta ɗinka ƙyallaye, kafin wata rana a ba shi wuyan riga. Babu telan da ke miƙa wa yaron jiya almakashi da shaddar ango. Kai kuwa ka ba shi mabuɗin rumbun bayanan kwastoma. Bana ka ware musu kwafin manhajar na gwaji, mai sunaye da maki na ƙirƙira, su ɓata iya ɓatawarsu a can. Duk abin da suka rubuta ya bi ta GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a duba shi, kada ya shiga ainihin manhajar sai babba ya duba ya amince. Lambobin sirri na sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan kwastoma, su tsaya a hannun mutum biyu, a kuma riƙa ajiye kwafin bayanai kowane dare a wani wuri dabam. Wannan ya wuce batun kunya a gaban mai makaranta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana aiki a kan duk mai riƙe da bayanan mutane, kuma kai sunayen yara ƙanana da makinsu ne a hannunka. In suka fita, kamfaninka za a tambaya, ba ɗalibin ba. Ka rubuta takarda shafi ɗaya su sa hannu ranar farko: sirrin kwastoma amana ne, abin da aka rubuta a wurin aiki kuma na kamfani ne.

Shi babban ma'aikacin naka ka zauna da shi kafin ka amsa wa kowa. Ku yanke lokacin tambaya, misali rabin awa da safe da rabin awa bayan la'asar, sauran lokaci su rubuta tambayoyinsu su ajiye. Kowane ɗalibi a ba shi aiki guda mai iyaka wanda zai kira nasa, kamar gyara shafin buga rasit na masu kemis, ranar Juma'a kafin masallaci ya nuna wa kowa inda ya kai. Ka ɗan ƙara wa mai koyarwar wani abu a kan albashinsa na waɗannan watanni. Kuma ka riƙa fita da su wurin kwastoma. Yaron da ya ga mai kemis a Tudun Wada yana fama da maɓallin da ya tsara, layi ya taru a gabansa, ya koyi abin da aji ba zai koya masa ba.

Batun biya: dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, balle ɗalibin da makaranta ta turo koyo. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka tambaye su kuɗin mota daga gida zuwa Samaru da komawa, ka haɗa da na abincin rana, ka ninka da kwanakin aiki, wannan shi ne ƙasan abin da za ka bayar, kuma ka biya ranar da kake biyan ma'aikata. Wanda ke tahowa daga cikin birni ko Ɗanmagaji da kuɗin babansa ba za ka iya yi masa faɗan makara ba. In akwai mace a ciki, ka tsara ta tashi da wuri ta isa gida kafin magariba, iyaye suna lura da irin wannan.

Ita kuwa yarinyar da ta tafi, shin ka taɓa ce mata kana son ta dawo? Ina zargin ba ka faɗa ba. Nemo lambarta a takardun bara ka kira ta. Mai yiwuwa tana ajin ƙarshe yanzu, tana neman abin da za ta yi aikin kammala karatu a kai. Ka ba ta aikin ƙarshen mako da ɗan alawus, ka ce mata in lokacin bautar ƙasa ya yi kuma aka turo ta jihar Kaduna, za ka rubuta takardar neman a kawo ta wurinka. Na bana kuma, duk wanda ka ga alamar alheri a tare da shi, ka yi masa wannan maganar tun wata guda kafin ya tafi.